Jelar Ragon Inna a Cikin Leda

Shekarun baya, lokacin da mahaifiyata za ta tafi aikin Hajji, ta bar mini amana ɗaya tak: jelar ragonta na layya. A gidanmu na Gashuwa ba a cin jela ranar Sallah. Inna kan rataye ta saman murhu ta sha hayaƙi, sai ranar cika-ciki a dafa kowa ya ɗanɗana. Tun aurenta ba ta taɓa tsallake shekara ba.

Yayana ya yanka ragon, ya miƙo mini jelar haɗe da tsokar gindinta, na taho da ita Nguru. Sai a mota na tuna gidan haya nake, da gas nake girki, ba ni da murhun itace. Ga damina ta zauna, rana ba ta fitowa balle a yi shanya.

Na taɓa gani a waya yadda ake shafe nama da gishiri da ɗan sukari, a sa a leda mai kauri, a zuƙe iskar, a ajiye a firij ana juyawa. Wata ƙawata mai sayar da kifi tana da injin zuƙe iskar. Ta liƙe mini ledar tana dariya, wai ba ta taɓa ganin an yi wa jela irin wannan gata ba.

Kwana kaɗan na ga ruwa ja-ja ya taru a ledar. Na shinshina ta waje, ba wari, amma ai a rufe take, ta ina zan ji? In na buɗe na ɓata aikin, in na bari ban san abin da nake ajiyewa ba. Ƙawata ta ce gishiri ne ke tsotse ruwan naman. Na ji ta, amma hankalina bai kwanta ba.

Sai wuta ta ɗauke, kwana da kwanaki. Na naɗe ledar a zani na kai gidan maƙwabciyata mai sola. Kullum ina ƙofarta, wai na zo juya nama, har mijinta ya fara tambaya ko mai jikin ta samu sauƙi. Ina dariya, amma wallahi tsoro nake ji kada abin da Inna ta riƙe shekara da shekaru ya yanke a hannuna.

Inna ta dawo ana gobe cika-ciki. Na shiga motar Gashuwa da kula a cinya, ƙanƙara na narkewa tana jiƙa mini zani. Bayan 'yan barka sun ragu, ta ce in kawo. Ta juya ledar, ta dube ni, ta sa wuƙa. Ni dai na kau da kai.

Ba wari. Naman ya yi tauri, ya yi ja, sai ƙanshin gishiri.

Gwaggona da ke gefe ta yi tari, ta ce tunda abin ya yi kyau bari ta faɗa. Ashe Inna ta sa yayana ya ba Gwaggo ƙafar ragon ta rataye a hayaƙi, ko da tawa za ta lalace. Mage ta cinye tun makon farko.

“Ashe ba ki yarda da ni ba, Inna?” na ce.

“Na yarda da ke. Gas ɗinki ne ban yarda da shi ba.”

Ta jiƙa jelar gishirin ya fita, ta kara ta a hayaƙi kafin ta jefa a tukunya, wai don ta san gida ta dawo.

Yanzu Inna ba ta iya tsayuwa gaban murhu, jela ta zama aikina. Har yau in ruwan nan ya taru a leda sai na shinshina ta waje. Kuma duk shekara ina kai mata ledar a rufe, don ta ce in dai tana raye, ita za ta sa wuƙa.