Fuskar da Baba Ya Ƙona

Ban san fuskar mahaifiyata ba. Ta rasu ina goye, kuma ba ta taɓa samun igama, takardar izinin zama, ba balle a ɗauke ta hoto. Ta Sudan ta shigo ƙasa mai tsarki, ta yi zamanta a unguwar Hindawiyya a ɓoye har ta koma ga Allah. Babana mai fenti ne, shi ke rubuta allunan shaguna da jikin motocin alhazai a unguwar Kudai. Ya taɓa zana ta da fensir, gwaggona ta ce kamar ka yi mata magana ta amsa. Bayan rasuwarta ya ji wa'azi cewa ranar lahira za a ce wa mai zane ya hura wa abin da ya zana rai. Ya dawo gida ya cinna wa takardar ashana. Na daɗe ban yafe masa ba, kuma ya sani.

Wata rana bayan la'asar, ina budurwa, aka sa fim a talabijin kan rayuwar wani mai zane, an juya shi zuwa Larabci. Wata 'yar wasa daga ƙasar Sifen ce ta fito a matarsa. Baba ba ya kallon fim, buroshi ya shigo ɗauka. Sai ya tsaya cak daidai inda matar ta zauna mijin yana zana ta, ta karkatar da wuya, rai a ɓace.

"Haka uwarki take zama," ya ce, ya fita.

Da babu gara ba daɗi. Na liƙe wa matar nan kamar kaska. Na tono finafinanta a waya, tun tana yarinya ana ba ta 'yar aikin gida, zuwa wasan da ya fito da sunanta, har ta manyanta aka koma ba ta uwa. Ko kalma ɗaya ta yarensu ba na ji. Gwaggo ta ce uwata baƙa ce wuluk, ina ruwan biri da gada. Ban saurare ta ba. Kullum sai na tura wa Baba wayar a gabansa ina tambaya ko haka take dariya, ko haka goshinta yake. Yakan duba, wani lokacin ya gyaɗa kai don in ƙyale shi. Shekaru muka kwashe a haka.

Da ciwon suga ya kwantar da shi, shi da kansa ya ce in kawo takarda da fensir. Ya ce Allah Mai gafara ne, ba zai tafi ya bar ni da wannan ƙishin ba. Ya yi kwanaki yana zanawa yana gogewa, ya hana kowa leƙawa. Ni kuwa ko abinci ba ya shiga, don murna da tsoro.

Ranar da ya gama ya kira mu, ni da gwaggo. Ita ta fara karɓa. Ta duba, ta ajiye a kan katifa, ta shige kicin. Na ɗauka. Na san fuskar sarai: 'yar Sifen ce, an ɗaura mata kallabi.

"Halas, ya binti," in ji Baba da Larabci, wato shi ke nan, 'yata. "In na rufe ido na nemi uwarki, wannan ce take zuwa."

Na roƙe shi ya sake gwadawa, ko sau ɗaya. Ya juyar da kai bango, ya miƙo mini fensirin.