Layukan Bakin Iyaka

Sunansa na yanka ya ɓace tun yana saurayi, kowa Tashi-mu-je yake ce masa. Mutum ne da kujera ba ta san ɗuminsa ba. Ko a coci a bencin baya yake zama, ƙafa na rawa, ido na kan ƙofa. Matarsa takan ce in dai ana son ganinsa a kwance, sai dai a ɗaure shi.

Amma a wannan zaman na rabin hankali ya taɓa jin an karanta cewa kada manomi ya girbe gonarsa har bakin iyaka, ya bar wa gwauruwa da baƙo rabonsu. Maganar ta shige shi. Tun daga shekarar, in an zo karyar masara sai ya bar layukan gefe a tsaye, wadda ta faɗi kuma ba a komawa ɗauka.

Masu zuwa kala suna da dama, amma wadda yake yi dominta ita ce matar marigayi maƙeri, tsohuwa mai riƙon jikoki marayu. Wannan baiwar Allah ba ta karɓar kyauta. Matan coci sun taɓa kai mata hatsi, ta rako su da shi har bakin titi, ta ce ita ba mabaraciya ba ce. Kala kuwa aiki ne, guminta ne, shi take ci da yaran har damina.

To bana kaka ta zo Tashi-mu-je na asibiti da karaya, keke ya kayar da shi garin sauri. Surukinsa, mijin babbar 'yarsa, ya ce a bar masa girbin. Yaro mai son a yaba masa! Ya kwashe gonar tas, ko ɓera ya shiga sai ya fito da hawaye. Da aka sallamo maigidan daga asibiti, yaron ya zo yana washe baki.

"Baba, ban bar ko ƙwaya ɗaya ba."

Tashi-mu-je ya ce masa sannu da aiki, amma nan take tsohuwar nan ta faɗo masa a rai. Ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya dogara sanda ya leƙa rumbu, ya dawo, ya sake komawa. A aika mata buhu, za ta dawo da shi. A yi shiru, yaran nan su kwana da yunwa saboda karayar ƙafarsa. Da aka kawo masa abinci, ture kwanon ya yi.

Da sassafe ya ta da matarsa, suka loda masara a baro. Ita ke turawa, shi yana ɗingishi a gaba yana cewa ta yi sauri.

"Maigida, mutane na kai amfani gida, mu muna mayar da shi gona. In aka gan mu, kai za ka yi bayani."

Suka watsa masarar a bakin iyaka, nan ɗaya, can biyu, ya ja busassun kara ya rufe wasu. Matar ta koma gida. Shi kuwa ina zai iya tafiya? Ya tsaya gindin bishiya wai yana duba shinge.

Tsohuwar ta iso da buhunta. Ta sunkuya ta ɗauki ɗaya, ta jujjuya ta a hannu, ta daɗe tana kallo. Sai a lokacin ya gane wautarsa: masarar rumbu ya kwaso, an ɓare ta fes, babu ko ɓawo. Ya tabbata yanzu za ta jefar ta kama hanya.

Ba ta jefar ba. Ta bi layin a hankali har buhun ya cika, ta ɗaure bakinsa, sannan ta juyo wajen bishiyar.

"Ɗan nan, tun ina yarinya nake kala, ban taɓa ganin masarar da ta ɓare kanta ba."

Ya fara kame-kame, wai ko iska ce.

Ta dubi ƙafarsa mai ɗauri, ta dubi sawun baro a ƙasa. Ta naɗe gammo ta ɗora a ka.

"Bar iska ta huta. Zo ka ɗora mini, ya fi ƙarfina."

Ya yar da sandar ya nufo ta.