Kawu Yakubu da Hanyar Jirgin Tamale

Duk wanda ya zauna a unguwar Gumbihini ta Tamale ya san gonar Kawu Yakubu, yayan mahaifiyata: dawa dama, dawa hagu, a tsakiya kuma ga wani dogon fili fes, ko ciyawa babu. Kullum da safe yana can da tsintsiya. In ka gaishe shi, kafin ya amsa sai ya ce, "Matsa, kana kan hanyar jirgi."

Abin ya samo asali ne shekarar da aka sami 'yancin kai. Ya ji a rediyon wani tela a unguwar Sakasaka cewa gwamnati za ta ware kuɗi ta ja layin dogo daga Kumasi har arewa. Ba a jima ba sai ga ma'aikata sun kafa turaku a gonarsa. Shi ke nan fa! Da aka zo aka haƙa rami aka binne bututun ruwa, na je takanas don in yi masa dariya.

"Kawu, ashe famfo ne."

"Kai dai jahili ne paa, na gasken gaske," in ji shi. "Jirgi ba ya shan ruwa? Sai a kawo baƙo ba a kawo abin shansa ba?"

Ko shanu bai ƙyale ba. In Jauro, makiyayin da ke bayan unguwa, ya koro garkensa zai ratsa, sai Kawu ya ɗaga sanda ya tsayar da su, ya duba gabas ya duba yamma, sannan ya ba su hannu. Jauro ya ce, "Baba, ai ba komai ke zuwa ba." Ya ce, "Gara su saba tun yanzu."

Ni kuwa direban lorin fasinja ne, Tamale zuwa Kumasi, don haka a wurinsa ni ne babban maƙiyin ci gaba. Wata rana na matsa masa da tsiya a gaban jama'a, har ya fusata ya rantse ba zai taɓa hawa mota zuwa Kumasi ba, sai jirgi. Muka kwashe da dariya. Wallahi da na san abin da zai biyo baya, da na kama bakina.

Ga dalili: 'yarsa ɗaya tilo, Azumi, a Kumasi take aure, uwarta kuma ta rasu. Da cikinta na fari ya tsufa, ta ba ni saƙo tana hawaye, wai ba ta son a raɗa wa jaririnta suna ubanta ba ya wurin. Na kawo saƙo. Na roƙa, mahaifiyata ta roƙa, liman ya ce ya ciyar da miskinai goma rantsuwa ta warware. Kawu ya ce shi bai ga abin warwarewa ba, jirgi na hanya. Ranar na ji haushinsa ƙwarai, na kuma ji haushin kaina, don ni na jawo.

Sai aka wayi gari babu Kawu. Kwana huɗu muna cigiya. Ina tuƙi wajen Salaga sai na hango masu korar shanu zuwa kasuwar Kumasi, Jauro a gaba, a baya kuma wani tsoho da buta a rataye. Na taka birki har fasinja suka yi salati.

"Kawu! Don Allah hau!"

Ko kallona bai yi ba. "Wuce da gwangwaninka, kana firgita mana shanu."

Mako uku yana tafe, kafin ya isa ta haifi namiji. Ya shiga gidan Azumi ana jibi suna, ƙafafu a kumbure kamar doya. Ta rungume shi tana kuka tana faɗa, shi kuwa sai cewa yake, "To, ba ga ni ba?" Aka sa wa yaro Yakubu.

Bayan suna na kai shi tashar jirgin Kumasi. Sai a nan na gane bai taɓa ganin jirgin ƙasa ba a rayuwarsa. Da jirgin ya shigo yana huci, Kawu ya riƙe hannuna gam. Da jirgin ya tsaya, Kawu ya matsa ya shafa jikin taragon a hankali, idonsa ya cika da ƙwalla. Na ce ya shiga mana, ko zuwa tasha ta gaba ne mu dawo.

Ya girgiza kai. "Wannan na mutanen Kumasi ne. Ni namu zan hau."

A ƙafa ya koma gida, ya ɗauki tsintsiyarsa, bai ajiye ba sai da ciwon ajali ya kwantar da shi. Yau gidaje sun cinye gonar, amma filin nan na tsakiya babu wanda ya yarda ya aza bulo a kai, jikan nan nasa ne ma, da ya dawo Tamale da zama, ke share shi.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya yafe mini tsiyar da na yi maka. Ka sha tafiyar ƙasa saboda 'yarka. Allah ya hutar da ƙafafun nan a Aljanna. In jirgin namu ya iso, za mu gaya masa ka jira.