Tagogin da Suka Kusa Kai Ni Gaban Alƙali

Shekarun baya, lokacin da wayar salula ta fara shigowa garuruwanmu, na tashi gina wa mahaifiyata gida a Rano. Ba don alfahari ba ne. A bazarar da ta gabata ta yanke jiki ta faɗi a ɗakinta na kwano a Unguwar Gai, ana tsakiyar zafin azahar. Likita ya ce hawan jini ne, kuma zuciyarta ba za ta jure wata bazarar a irin wannan ɗaki ba. Wutar lantarki kuwa ba abin dogaro ba ce, balle in ce fanka za ta cece ta.

Abokina da ya karanci zanen gine-gine shi ya tsara gidan. Bango na tubalin ƙasa mai kauri, rufi na azara da ƙasa, a ɗora kwano a sama da tazara don iska ta ratsa tsakani. Ƙofar ɗakin Inna tana kallon tsakar gida, ƙarƙashin wata tsohuwar darbejiya da ya hana a sare. Sai jerin ƙananan tagogi can sama dab da rufi, a bangon arewa. Ya ce iska mai sanyi za ta shigo ta ƙasa, mai zafi ta tashi ta fice ta sama. Mutane sun yi ta dariya, wai ma'aikacin birni guda ya rasa abin ginawa sai gidan ƙasa. Ban kula ba. Zuwan bazara kawai nake tsoro.

An gama rufi, ana shirin yaɓe, sai maƙwabcina na arewa ya aiko a kira ni. Dattijo ne, malamin allo. Bayan mun gaisa ya nuna bangon da sandarsa.

"Ɗan boko, waɗannan ramukan naka tsakar gidana suke kallo. Can iyalina suke girki, can suke wanki."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ai sun wuce tsayin mutum. Iska aka yi wa su, ba ido ba."

Ya ce, "Iska ba ta hawa turmi. Mutum yana hawa."

Ya ce ko in toshe su, ko mu haɗu gaban alƙali. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, kuma maganar leƙen iyalin mutum ba abin da ake wasa da shi ba ne.

Da zan kira abokina, sai da na hau wani dutse a bayan gari kafin wayar ta shiga. Ya saurare ni, ya ce, "In ka toshe su, tanderu ka gina wa Inna. Zafin da ya shiga ba shi da hanyar fita."

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ita kanta Inna. Da labari ya kai mata, ko tunani ba ta tsaya yi ba. Ta ce, "A toshe. Ba zan tare a unguwa da ƙarar maƙwabci a kaina ba. Zafi dai na saba da shi." Tana faɗa, ni kuwa ina tuna ranar da muka ɗauke ta zuwa mota, kanta yana lilo a kafaɗata.

Mai unguwa ya shiga tsakani. Ya sa aka kawo tsani, ya hau ya leƙa, ya sauko. Ya ce mini, "Hau ka gani." Na hau da tabbacin ni ke da gaskiya. Sai ga madafin Malam, ga tukunya a kan murhu, ga igiyar shanya da zannuwa a kanta. Na sauko. Mai unguwa ya ba ni wa'adi zuwa Juma'a.

Abokina ya zo daga Kano. Muka zauna a ɗakin muna kallon tagogin kamar za su ba mu amsa. A bakin ƙofa akwai indararo na yumɓu da aka sayo don zubar da ruwan rufi. Ya ɗauki ɗaya yana juyawa, ya miƙo mini, ya ɗaga bakin indararon sama.

"Leƙa. Me kake gani?"

"Sama."

"To shi ke nan."

Aka cike tagogin da ƙasa, aka dasa indararo a jere cikin bangon, kowanne bakinsa na waje ya karkata sama, a ƙarƙashin leɓen kwano don kada ruwa ya shigo. Abokina ya ce iskar za ta ragu, don haka muka yawaita su. Ko za su wadatar, ya ce sai bazara ta faɗa mana. Ko Malam zai yarda, wannan babu mai sani.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Malam ya zo. Ya ƙi yarda kowa ya duba masa. Ya tattare babbar riga, ya hau tsanin da kansa, mai unguwa yana riƙe da shi. Ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, ni ina ƙasa ina kallonsa. Can ya ce, "Shirwa nake gani." Ya sauko yana kakkaɓe hannu, ya ƙara da cewa, "Shirwa kuwa ba iyalina ba ce."

Inna ta tare, bazara ta kama. Wata Asabar da rana ta take, na iso daga Kano na yi sallama a tsakar gida. Shiru. Na sake yi. Shiru. Ban san lokacin da na yar da jakata na banka ƙofar ba. Inna tana kwance tana barci, har ta ja mayafi ta rufe ƙafafunta. A gefenta matar Malam ce zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa. Ta harare ni, ta ce a hankali, "Kai, za ka tashe ta."

Ashe tun da zafi ya fara, a nan matar Malam take yini.

Mun auna rana, mun auna iska, amma ba mu auna maƙwabci ba, alhali shi ma yana cikin abin da gida yake zama da shi. Inna ta yi shekaru a ɗakin kafin Allah Ya karɓi abinSa. Har yau in na je Rano da bazara nakan kwanta a inda take kwanciya, in ɗaga kai, in ga ɗan sararin sama ta cikin indararo.