Sunan da Na Amsa a Bahar Maliya

Jama'a, wannan abu da ni ya faru, ba wani ya ba ni labari ba, kuma wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Lokacin muna zaune a Tandabawi, nan Makka, zamanin da manyan motoci suka fara ƙwace wa raƙuma hanyar Jidda. Na zama cikakken saurayi, har gemu ya fito, muna ɗinki shago ɗaya da Baba.

Ni ne ɗan fari, kuma sunan mahaifinsa aka sa mini, to kun san mutanenmu na da. Baba ya baro Kano da komai nasa a baya, amma kunyar nan ya taho da ita. Bai taɓa kiran sunana ba. "Kai wannan" shi ne sunana, ran da yake cikin fara'a ya ce "ya walad", wato "kai yaro" da Larabci. Ƙannena kuwa sai ya kira su har da jan suna. Ni a zatona abin bai dame ni ba.

Da alhazai suka watse, aminin Baba, Alhaji Sale mai yadi, mutum ne mai son shagali, ya ɗauki hayar jirgin katako a Jidda, wai a fita can tsakiyar teku a kama manyan kifi, ba don sayarwa ba, don a samu abin cika baki a majalisa. Ya matsa wa Baba lamba, aka tafi har da ni, ni da ban san wani ruwa ba sai na tulu.

Muka yi ta tafiya har ƙasa ta ɓace. Bayan azahar iska ta ɗauke cak, ruwan ya kwanta baƙi ƙirin. Jiri ya kwantar da Baba can gaban jirgi, ya rufe fuska da rawani. Ni ina baya riƙe da igiyar fatsa. Wani abu ya ja igiyar da ƙarfi, sannan ya saki. Sai na ji an kira sunana.

Daga cikin ruwa, jama'a. Da muryar Baba, a hankali, har da jan nan da yake yi wa ƙannena. Na rantse da Allah na san Baba yana bayana a kwance, na sani sarai, amma bakina ya ce, "Na'am, Baba." Aka sake kira, sai ga ƙafata ta haye gefen jirgi. Ba wanda ya ja ni, kada ku ce aljani ya fizge ni. Daɗi ne ya kama ni, daɗin da ban taɓa ji ba, ina so a sake faɗa. Daga baya aka ce Alhaji Sale ya yi ta ihu, "Kai! Kai!" ni ban ji ba.

Ruwa ya kai mini ƙirji, hannu ɗaya ya rage a jikin katako, sai na ji sunana ta bayana, da wata murya a tsage, mummuna, kamar ana yanka akuya. Baba ne. Na waiga, nan ma'aikatan jirgi suka cafke wuyan rigata.

Aka shimfiɗe ni ina kuka, ƙato da ni. Mai jirgin, wani dattijon Balarabe, ya yanke igiyar fatsar ya jefar, ya juya jirgi gida. Bai tambaye ni me na gani ba. Durƙusawa ya yi ya ce, "Da muryar wa?"

Da na rufe ido ai da sauƙi. A'a, sai idona ya tafi kan Baba, kowa yana kallo. Baba ya sunkuyar da kai. Alhaji Sale, da bakinsa ba ya hutawa, ya hau gyaran hula. Ga dattijo ya yar da kunyarsa a gaban amininsa saboda ni, ga shi na tona wa duniya abin da nake kwaɗayi a wurinsa tun ina yaro. Har muka iso Tandabawi ba mu haɗa ido ba.

Bai ƙara kiran sunan ba har Allah Ya karɓi ransa. "Kai wannan" ɗin ma ya daina, in yana nemana sai ya taso ya dafa kafaɗata.

Ban san mene ne a ruwan nan ba, ban kuma san inda ya ji abin da ko ni ban faɗa wa kaina ba. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, in na tuna kiran nan biyu, na cikin ruwan ne ya fi mini daɗi. Don haka in kuna kan teku aka kira ku, ku waiga tukuna kafin ku amsa. Masu ɗan fari kuma, don Allah ku riƙa kiransa, kada wani abu ya riga ku.