Fatun Yayana a Cikin Leda

Gidanmu gidan jima ne, a Birni. Kakanmu majemi, mahaifinmu majemi, yayana ma har yau hannunsa bai rabu da ruwan bagaruwa ba. Ni kaɗai aka tsame aka kai lakol, makarantar boko, na fito da takarda, na samu kujera a wani ofishi a cikin gari. Shekara da shekaru ina buga hatimi a kan takardun da ban san inda suke ƙarewa ba, wannan kuwa ya ishe ni in riƙa ganin kaina mai hankalin gidan. In na shiga majema sai in tattare ƙafar wando, in toshe hanci, in ba da shawara.

Mutum ɗaya ne ke riƙe da majemarmu, wani tsohon baduku a Yamai mai ɗinka jakunkuna da takalma da tumtum na zama. Tun mahaifinmu na da rai yake sayen jar fatarmu. Dukawan Birni ma suna saye, amma bibbiyu, uku-uku. Shi kuwa in ya aiko, rabin aikin shekara ke nan. Yayana ya san in mutumin nan ya juya mana baya, sai dai ya kife kwatarniyoyin jimar ya nemi wata sana'a da furfurarsa. Sau biyu kacal suka taɓa ganin juna. Abin da ya haɗa su duk shekarun nan mota ce.

Motar ta wani tsoho ce a unguwar Zango, shi da ƴaƴansa biyu magidanta. Tsohuwar gingimari ce mai bodin katako, fentinta ya koɗe har ba ka iya rantsewa kan launinta. Ba su da ofis, ba su da allo. In kana neman tsohon ka je gindin dalbejiyar ƙofar gidansa. In ba ya nan, mai ɗakinsa za ta gaya maka daga bayan zaure garin da motar take da ranar da za ta dawo, kuma ba ta taɓa kuskurewa ba.

Yadda yake karɓar kayanmu shi ne abin da ya fi ba ni haushi a lokacin. Sai ya tsuguna gaban ɗaurin fata, ya zura hannu har tsakiya, ya zaro, ya sansana. In ya ji sanyi-sanyi sai ya girgiza kai ya ce ba su sha iska ba, a ƙara musu kwana. In ya yarda, a can sama yake ɗora su, a kan shimfiɗar karan dawa, nesa da buhunan kanwa da gishiri. Da damina kuma ƴaƴansa suna tafe suna duban sama. In gari ya washe su yaye tamfol, in hadari ya haɗo su tsaya su rufe. Ni a ganina wannan ba sufuri ba ne, raino ne. Na sha faɗa a majalisar abokaina cewa duniya ta yi nisa, mu muna nan muna sansanar kaya.

Sai ga wani babban kamfanin jigila ya buɗe reshe a bakin gudron, babban titin kwalta. Farin gini, ƙofar gilashi, sanyin na'ura da ke tarbarka tun daga bakin ƙofa, ma'aikata duk riga iri ɗaya. Na shiga don gani kawai. Wani mai karabat ɗaure a wuya ya zaunar da ni, ya kira ni da Faransanci mai daɗin ji, ya juyo mini da allon na'urarsa, ordinater. Ya ce kowane kaya da lambarsa, daga ɗakina zan iya ganin inda yake a cikin salula. Ya kai ni baya ya nuna mini injin da ke nannaɗe kaya da leda, yana juyawa yana ƙara, har kaya ya fito yana walƙiya. Na tsaya ina kallo baki sake. Ni da ban taɓa jin sha'awar kwatarniyar ubana ba, ranar nan na kamu da son injin naɗe leda.

A tsakiyar daminar shekarar nan badukun ya aiko. Ya karɓi aikin wani otel, tumtum da matasai masu yawa, yana son fata da gaggawa, kuma mai yawan da bai taɓa nema ba. Yayana ya kwashe duk abin da ya jeme, aka rina da karan dafi, aka shafa man gyaɗa, aka shanya gwargwadon yadda ruwa ya bari. Motar tsohon tana hanya, sai bayan kwana huɗu za ta yi lodi. Nan na samu ƙofar da nake nema.

Na ce, “Yaya, kwana huɗu fa. Mutanen can kullum kamyonsu na tashi.”

Ya ce, “Sun san fata?”

Na yi dariya. “Mutanen da ke ɗaukar firiji da ordinater, fatar akuya ce za ta gagare su?”

Ya ce, “Firiji ba ya numfashi.”

Na ce masa wannan maganar mutanen da ce. Na yi ta zuba, na kawo lamba, na kawo rasi, na kawo zamani. Abin da ya karya shi ba hujjata ba ce. Mahaifinmu kafin ya rasu ya ce masa duk abin da ya shafi takarda ya riƙa jin maganata, ni kuma na mai da zancen fata zancen takarda. Ya ce in haka na gani, to.

Washegari da hantsi muka kai kayan a amalanke. Yayana ya cire takalminsa a bakin ƙofar gilashin, na ce ya mayar. Ya yi wa mai karabat sallama, ya fara bayani a hankali cewa fatun nan shekaranjiya aka shafa musu mai, suna son iska, kar a rufe su ruf. Mutumin bai ko dube shi ba. Ni ya kalla, ya ce da Faransanci dokar gidansu ce, da damina kowane kaya sai an naɗe shi, don kare shi daga ruwa. Na fassara wa yayana, har na ƙara gishiri daga aljihuna.

Aka ɗora ɗaurin farko a kan injin. Ya juya, ya juya, jar fatarmu ta shige cikin leda ninki a kan ninki. Da aka sauke, yayana ya matsa, ya shafa ledar yana neman inda iska za ta shiga. Bai samu ba. Sai na ga ya kafa farcen babban yatsansa, farcen nan da bagaruwa ta rine, zai huda. Na kama wuyan hannunsa.

Na ce ƙasa-ƙasa, “Haba Yaya, kar ka ba mu kunya.”

Ya dube ni, ya dubi hannuna a kan nasa, ya janye. Na sa hannu a takarda, sa hannun nan nawa mai wutsiya da nake ji da shi, aka ba ni lamba. Na fito ina jin na tsamo gidanmu daga duhu.

Lambar kuwa ta yi aikinta, ba zan yi mata ƙarya ba. Kwana ɗaya ta ce kaya sun iso Maraɗi. Kwana biyu, Maraɗi. Kwana biyar, Maraɗi. Ashe motarsu da ke tashi kullum ba Yamai take zuwa ba. A Maraɗi take zubar da kaya a wata mangaza, ɗakin ajiya mai rufin kwano, su jira har a tara abin da zai cika wata motar. Wannan bai shiga cikin Faransancin da aka yi mini ba. In na kira su, muryar wata mata da aka naɗa ce ke gode mini da haƙurina, ta sa mini kiɗa. In na je, mai karabat ya juyo mini da allon, ya nuna da alƙalami, ya ce ga su nan, ba su ɓace ba. Yana faɗa yana murmushi, shi a dole ya ba ni albishir.

Kowace safiya yayana sai ya biyo ta ƙofata kafin ya wuce majema. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali, sannan ya ce, “Suna ina?” In ce Maraɗi. Ya ɗaga kai ya dubi hadari, ya tafi. A cikin kwanakin nan motar tsohon ta dawo, ta yi lodinta, ta je Yamai, ta sauke. Ta wuce fatunmu a hanya tana tafiyarta ta tsofaffi.

Ran kwana goma sha biyu kaya suka isa. Ina majema lokacin da badukun ya kira, don na zo karɓar yabo. Yayana ya goge hannu ya ɗauka, kuma a wurin da nake tsaye ina jin muryar dattijon. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi da aka yanka ledar sai da mutane suka ja da baya saboda wari. Fatun sun yi gumi, sun manne da juna, fumfuna ta ci su kore da baƙi, jan ya dame. Ya ce, “Ɗana, mahaifinka bai taɓa aiko mini da abin da zan ɓoye wa almajiraina ba. Me na yi maka?” Yayana ya zauna a bakin kwatarniya, wayar na hannunsa.

Na hau kabu-kabu na nufi kamfanin ina huci. Mai karabat ya saurare ni da ladabi, ya zaro takarda. Ya ce kaya sun isa a rufe yadda aka karɓe su, ledar ko ƙwarzane babu, ko ɗigon ruwan sama bai taɓa su ba. Gaskiya ya faɗa. Ya ce abin da ke cikin leda kuma ba su da hurumi a kansa, ya nuna mini layin da ya ce haka, ya nuna mini wutsiyar sa hannuna a ƙarƙashinsa. Har ya tambaye ni ko zan cika wata takarda in faɗi yadda na ji daɗin hulɗa da su. Ban taɓa jin na tsani mutum mai fara'a irin ranar ba, kuma rabin tsanar kaina nake yi wa.

Da la'asar yayana ya sa rigarsa ta Juma'a ya nufi Zango. Bai ce in zo ba, na dai bi shi. Muka tarar da tsohon a gindin dalbejiya. Labari ya riga mu zuwa. Na shirya jin gori, don in ni ne da sai na yi shi har da ƙari. Shi kuwa tabarma ya gyara mana.

Ya ce, “Leda ko?”

Yayana ya ce, “Leda, Baba.”

“Me ya rage maka cikin ruwa?”

Yayana ya gaya masa. Tsohon ya ce a fitar da su a hankali, kar a yi musu gaggawa, duk abin da ya bushe za a ɗauka ko ɗauri biyu ne. Sannan ya ce wannan tafiyar da shi za a yi. Ya kwana biyu da barin hanya saboda ciwon baya, ƴaƴansa suka so hana shi, ya ce akwai saƙon da ba a ba wa waya.

Bayan kwana tara ya dawo, da ruɓaɓɓun fatunmu a saman mota a kan karan dawa, ya lallaɓo su kamar masu amfani. Muka same shi yana jingine da taya yana miƙe baya. Ya ce aikin otel ɗin ya kuɓuce wa badukun, kuma ransa ya ɓaci ƙwarai. Yini guda suka yi a rumfarsa. A ƙarshe ya ce a ci gaba da aiko masa, amma kaɗan-kaɗan, sai ya ga yadda hali ya yi.

Yayana ya sauke ajiyar zuciya. Ya ce, “Baba, me ka ce masa?”

Tsohon ya dube ni, ba da mugunta ba. “Ce masa na yi hannun majemi bai canza ba. Ƙanensa ne ya yi karatu.”

Ƴaƴansa suka sunkuyar da kai. Ni kuma na tsaya ina gyara hular da ba ta karkace ba.

Sauran daminar yayana ya ƙare ta yana kankare fumfuna. Abin da ya tsira ya rina baƙi ya sayar wa masu ɗinka guga a arha, sauran ya binne a bayan majema. Sai da aka shekara biyu kafin badukun ya koma saye kamar da. A duk tsawon wannan lokaci yayana bai taɓa ce mini ga abin da na yi ba. Na so ya faɗa, ko zagi ne, in samu abin da zan amsa. Kamfanin yana nan, ya ma ƙara bene, na ji an ce sun kawo injin ledar da ya fi wancan sauri.

Ranar da za a yi lodin farko bayan an shirya da badukun, na tashi da wuri na tafi majema. Ban toshe hanci ba. Babban ɗan tsohon yana saman mota yana jera kara, tsohon na tsugune yana zura hannu cikin ɗauri ɗaya bayan ɗaya. Na naɗe hannun riga, na sunkuya zan ɗauki ɗaya in miƙa. Sai na ji an kama wuyan hannuna, a hankali, daidai inda na taɓa kama nasa.

Yayana ya ce, “Bari, kar ka ɓata rigarka.”

Har yau in takarda ta zo gidanmu ni ake kawo wa, yayana da kansa yake miƙo mini ita da hannu biyu. Fata kuwa, tun daga ranar ban ƙara taɓa ko ɗaya ba a majemar ubana.