Takardar da ta Rage a Jakar Baba Masinja

Laraba. Aikin farko: buɗe rajistar sanarwa.

Jiya Talata, sha ɗaya ga wata, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Baba Masinja na ofishinmu. Ya jingine kekensa a ƙofar wani kanti, ya ce a ba shi ruwa, kafin a kawo ya cika. Na Allah muke, wurinSa za mu koma.

Baba, shekara goma sha shida ina miƙa maka sanarwar sake duba haraji kana kai wa masu ita. Ba ka taɓa tura takarda ta ƙarƙashin ƙofa ba, ba ka taɓa barin ta wurin maƙwabci ba. Wanda bai iya karatu ba, sai ka zauna ka karanta masa dalilin sake buɗe fayil ɗinsa, ka faɗa masa ranar da kwana talatin ɗinsa na kare kai za su cika, sannan ya dangwala. Na taɓa yi maka ƙorafin jinkiri, ka ce, "Ɗana, kai takarda kake aikawa, ni mutum nake nema. Kekena ma ya fi ka haƙuri."

Don yardar da na yi da kai, kana fita nake rubuta "an miƙa hannu da hannu", ba na jiran dawowarka. Sau biyu ka ja mini kunne.

Yau babbar 'yarka ta kawo jakarka. Takarda ɗaya ce a ciki, ta wata mata mai ɗinki a bayan tasha. Ka rubuta da fensir a bayan ambulan: "Litinin, ba ta nan, zan koma." A rajistata kuwa kwanakinta suna tafiya tun Litinin ɗin. In na yi shiru, za a yanke mata hukunci ba a ji ta bakinta ba. In na faɗa, shugaba zai bi shafukan baya ɗaya bayan ɗaya. Sau uku na ɗauki biro na ajiye. Bencinka yana nan bakin ƙofa, ba ni da wanda zan tambaya.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba matarka Inna da yara haƙurin rashinka.

Gobe:
1. Soke layin Litinin da jan biro, in sa hannu.
2. Shiga wurin shugaba kafin ƙarfe tara.
3. Buga sabuwar sanarwa da sabon kwanan wata.
4. Neman shagon mai ɗinki. Ban san hanyar ba.